Idan Mai Sihiri Ya Tawaya: Raunin Siffa da Makarin Asiri a Wasannin Labari na Kan Tebur

Wannan takarda ta ɗauko tambaya guda daga wani nau'in wasa da bai riga ya zauna da gindinsa a ƙasar Hausa ba, ta kawo ta gaban adabinmu da al'adunmu, domin ina ganin muna riƙe da amsar da masu wasan suka daɗe suna lalube. Wasan shi ne wanda mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ɗaya kuma ya zama jagora mai jan zaren labari, a riƙa jefa 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa don yanke abin da ya faru. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Tambayar kuwa ita ce: idan aka raunata hankali ko jikin jarumin da ke aiki da sihiri a cikin labarin, me ya kamata ya sami sihirin nasa? Ya ragu ne, ya ɗauke gaba ɗaya, ko ya tsaya yadda yake? Matsayina shi ne dole raunin ya isa ga sihirin, amma ta ƙofar da 'yan wasa za su iya gani, su nema, su tsare. Wannan ƙofa kuwa tana nan cikin abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗa, cewa kowane magani da makarinsa.

Sai mun fara sanin yadda aka gina jarumin kafin mu ga yadda ake rushe shi. A wannan wasa kowane jarumi yana da siffofi shida da ake auna su da lamba: ƙarfi, zafin nama, ƙwarin jiki, basira, hikima da kwarjini. Mutum matsakaici yana da 10 ko 11 a kowace siffa. Ban da waɗannan akwai makin rai, wanda sara da suka ke ragewa, kuma abin lura a nan shi ne jarumin da makin ransa ya koma 1 yana yaƙi daidai da wanda ba a taɓa ba. Sara ba ya rage masa iyawa har sai ya faɗi. Tawayar siffa daban take. Dafi, cuta, taɓawar wata halitta ko sihirin abokin gaba kan rage lambar siffar kanta, sai duk abin da ya rataya a kanta ya yi ƙasa. Sihiri kuwa a kan siffa yake rataye: mai sihirin karatu ya dogara da basira, mai bauta da hikima, wanda aka haifa da baiwar kuma da kwarjini. Wannan tunani ya samo tushe daga labaran Jack Vance na 1950, inda masihirci kan cusa sihiri a ƙwaƙwalwarsa da wahala, ya kuma manta shi da zarar ya furta. Idan ƙwaƙwalwa ce ma'ajiyar sihiri, to ai duk abin da ya taɓa ta ya taɓa ajiyar. Tun a littafin 'yan wasa na 1978 an ɗora sharaɗin cewa ba mai kaiwa sihirin mataki na 9, wato ƙololuwa, sai mai basira 18.

Bugun da ya fi kai wannan tunani maƙura shi ne na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, aka gyara shi a 2003. Ya dace mu tsaya a kansa mu yi lissafi, don a nan gardamar take. Dokar ta ce ba za ka iya furta sihiri ba sai siffarka ta kai 10 haɗe da matakin sihirin. Mu ɗauki mai sihirin karatu da ya kai daraja ta 11, basirarsa 16. Yana iya furta sihiri har mataki na 6, daidai iyakar abin da basirarsa ta ba shi dama. A ce wani dafi ya ci masa maki 4, basirar ta koma 12. Nan take matakai na 3, 4, 5 da 6 sun rufe masa, bai da sauran komai sai na 2 zuwa ƙasa, duk da cewa littafinsa na hannunsa kuma bai manta ko harafi ba. Abin bai tsaya nan ba. Lambar da abokin gaba zai tsallake don ya tsira daga sihirin ana samun ta ne daga 10, a ƙara matakin sihirin, a ƙara ribar siffar. Ribar basira 16 ita ce 3, ta 12 kuwa 1, don haka sihirin mataki na 2 da a da sai an kai 15 kafin a tsallake shi, yanzu 13 ta isa. A ɗan lido mai fuska 20 kowace lamba kashi 5 ce cikin 100, wato abokin gaba ya sami ƙarin kashi 10 na damar kuɓuta. Ƙarin sihirin da basira ke ba shi kowace rana shi ma ya ragu. Warkewa kuwa maki 1 ne a kowane kwana, ko 2 idan ya kwanta bai motsa ba, sai dai in akwai mai bauta a cikin ayari da zai yi masa sihirin mayarwa. Akwai kuma tawaya mai zama, wadda hutu ba ya warkar da ita ko kaɗan. Idan siffar ta kai sifili, in ta ƙwarin jiki ce jarumi ya mutu, in ta basira ce ko hikima ko kwarjini ya suma.

Duk wanda ya bi wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa masu tsara wasan suka ja da baya. Bugu na huɗu na 2008 ya kusa share tawayar siffa gaba ɗaya. Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009 bisa tushen bugu na uku, ya bi tsaka-tsaki: tawaya mai warkewa ba ta taɓa lambar siffar kanta, sai dai duk maki 2 da aka ci a rage 1 daga abubuwan da suka dogara da ita. A ƙarƙashin wannan doka mai sihirin namu zai ci gaba da furta na mataki na 6, sai dai ya fi sauƙin tsallakewa. Bugu na biyar na 2014 ya cire sharaɗin mafi ƙarancin siffa kafin furta sihiri, ya bar tawayar a wurare 'yan kaɗan, kamar halittar inuwa mai zuƙe ƙarfi da sihirin nan mai mayar da basira da kwarjini zuwa 1. Dalilansu ba na wasa ba ne. Na farko wahalar lissafi: lamba guda ta canja, sai an sake rubuta rabin takardar jarumi ana tsakiyar faɗa. Na biyu ya fi nauyi, wato mutumin da ya zo wasa ya tarar jaruminsa ba ya iya yin abin da aka gina shi dominsa, ya zauna yana kallon 'yan'uwansa har dare ya raba.

Na yarda da ciwon, amma maganin da aka yi masa ya tafi da wani abu mai daraja. Sihirin da ba ya jin raunin mai shi ya zama kayan aiki kawai, ba ya da alaƙa da halin mai riƙe da shi, kuma labari ba ya tsiro daga irin wannan. Mai sauraro yana matsowa ne a lokacin da ya san akwai abin da jarumi zai iya rasawa ban da rai. Idan mutuwa ce kaɗai barazana, jagoran wasa ba shi da abin tsorata ayari sai ya ƙara girman dodo, kuma kowane faɗa ya zama tambaya guda, wa zai fara ƙarar da makin wani. Tawayar siffa ita ce take kawo tsoro na tsakiya, wanda ke sa ayari ya tsaya ya yi shawara: mu ci gaba da raunannen mai sihiri, ko mu koma mu bar abokin gaba ya sami kwana huɗu? Wasan Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara aka fitar a 1981, ya gina kansa kacokan a kan wannan, domin a can yawancin sihirin da ka koya ko ka furta yana cin lafiyar hankalinka, kuma har yau ana buga shi. Ashe ba raunin ne 'yan wasa suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne raunin da ya faɗo musu daga jifan ɗan lido ba tare da sun ga zuwansa ba, ba kuma su da abin yi a kai sai jira.

A nan ne al'adarmu take da abin cewa. Ku dubi ɗan tauri a fagen kiɗa. Abin da aka sani game da shi a tsakanin jama'a shi ne ƙarfe ba ya cin sa, kuma wannan suna da kansa ya yanke iyakar abin: maganin ƙarfe ne, bai yi alkawarin tare sanda ko dutse ba. Haka sauran magungunan da maza ke taƙama da su a labaran farauta da yaƙi, kowanne da aikinsa guda. Kau-da-bara na sa jifa ya kauce, sagau na sandarar da hannun mai kai sara, layar zana na ɓatar da mutum daga gani, baduhu na rufe idon abokin gaba. Kuma ba a ba da ɗayansu haka nan. Yana zuwa da sharaɗi, ko a hana mutum wani abinci, ko a ce ya ƙaurace wa iyalinsa kafin fita, ko kada ya shiga da layar wurin ƙazanta. Ya saɓa, magani ya karye. Ba ina magana a kan ko waɗannan abubuwa suna aiki ba ne. Ina magana a kan yadda tunanin jama'a ya tsara su, kuma tsarin a fili yake: ba a yarda da iko marar iyaka ba, ba a kuma yarda da ikon da bai rataya a kan halin mai shi ba. Har yanayin zuciya yana da hannu a ciki. Ɗan tauri sai an yi masa kiɗa da kirari yake tsuma, ɗan dambe ma ɗaure da layunsa yana jiran kalangu ya taso shi, kuma duk wanda ya san waƙoƙin Ɗan Anace ga Shago ya san cewa mawaƙin yana cikin shirin faɗan. Wannan shi ne abin da wasan Turawa ya yi ƙoƙarin kamawa da siffar kwarjini, sai dai mu mun nuna daga ina take hawa, ta ina kuma take sauka.

Manyan labaran yankinmu sun tafi a kan wannan hanya. A labarin Sunjata na Mali, kamar yadda Djibril Tamsir Niane ya rubuta shi a 1960 daga bakin maroƙi Mamadou Kouyaté, sarkin Sosso Sumanguru Kante masihirci ne da makami ba ya kama shi. Ba a ci shi da yawan dakaru ba. 'Yar'uwar Sunjata, Nana Triban, wadda aka aurar wa Sumanguru dole, ita ta lallashe shi har ya faɗi abin da ke karya shi, wato ƙahon ƙafar farin zakara. A yaƙin Kirina, wajen 1235, kibiyar da aka ɗaura wa wannan abu ta ɗan goge shi ne kawai a kafaɗa, sai ya ji ikonsa yana zarewa, ya juya ya gudu. A lissafin makin rai wannan rauni ba komai ba ne, a lissafin siffa kuwa shi ne komai. Tarihin Kano ma ya kawo labarin Dirki, abin da sarakunan Haɓe ke yi wa yanka, wanda Sarki Alwali ya sa aka fasa, mutane suka ce masa za a fitar da shi kamar yadda ya fitar da abin da ke ciki, kuma mulkinsa ne ya faɗi a hannun masu jihadi. A duka biyun, mai labari ya sanya rushewar iko a wani wuri da ake iya nunawa da yatsa, kuma wani ne ya yi aiki da hannunsa ko da wayonsa kafin ta auku.

Bambancin da nake so a riƙe ke nan. A bugu na uku, tawayar sihiri sakamakon jifa ce: dafi ya same ka, ka kasa tsallakewa, maki 4 sun tafi. A tunanin Bahaushe kuwa sakamakon sani ce da aiki: wani ya gano lagonka, ko kai ka saɓa sharaɗi. Wanda zai tsara wasa irin wannan da Hausa zai iya haɗa biyun. Kowane jarumi mai asiri ya rubuta sharaɗinsa da makarinsa tun ranar da aka ƙirƙire shi, shi da jagora su sani. Dafi da cuta su riƙa rage kaifin sihiri kaɗan-kaɗan, irin yadda Pathfinder ya yi, ba tare da rufe matakai ba. Rufe matakai kuwa a ajiye shi ga makari da saɓa sharaɗi kaɗai, kuma ko a nan ya zama daga sama yake farawa, mataki bayan mataki. Da haka babban rauni ba zai taɓa zuwa ba sai an ga alamunsa a cikin labarin: baƙon da ke yawan tambaya, abincin da aka kawo a gidan da ƙin ci cin fuska ne, layar da ta ɓata a masauki. Lissafin ma ya ragu, tunda yawancin lokaci abin da za a rubuta shi ne ragin 1 ko 2 a gefen takarda.

Za a ce ko da an yi haka matsalar gangara tana nan, wato wanda ya raunana ya fi saurin ƙara raunana, har wasa ya ƙare tun kafin a tashi. Gaskiya ne gangarar tana nan, amma ba ita ke kashe wasa ba, kuma shaida tana gindin kowace bishiya da ake buga dara daga Gantsa zuwa Dutse a Jigawa. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Duk ɗan da aka ci maka yana rage maka hanyar jerawa, wannan gangara ce tsantsa, amma ba wanda ya taɓa cewa a cire ci daga dara. Abin da ke riƙe mai rauni a kan tabarma shi ne har yanzu yana da zaɓi, yana iya toshewa, yana iya ɗana tarko. Saboda haka abin da ake bukata shi ne a bar wa mai sihirin da ya tawaya zaɓi. A ba shi damar furta sihirin da ya rufe masa idan ya yarda ya biya da ƙwarin jikinsa, ya san yana kusantar sifilin da ke nufin mutuwa. Wanda ke auna ko ya sayar da kwanakin lafiyarsa don ya ceci ayari ba zaman kallo yake yi ba. A wannan daren shi ne tsakiyar labarin.

Akwai suka ta biyu da nake ɗauka da muhimmanci, domin ta shafi mutane na gaske. Idan doka ta ce rauni yana rage iko, shin ba koya wa yara take yi cewa mai nakasa ragagge ne ba? Da dokar ta haɗa jiki da hankali wuri guda, da sukar ta zauna. Amma raba siffofi shida ya hana hakan: mai sihirin da ƙarfinsa ya koma 3 bai rasa ko mataki guda ba, domin ba a nan ikonsa yake ba. Adabinmu ma ya riga ya tsaya a wannan gefe. Sunjata ya yi shekarun yarinta yana jan jiki, kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fara rayuwarsa ne a zaune ba ya iya tafiya. Garuruwanmu kuma ba su rasa makafin da ake zuwa ɗaukar karatu a gabansu. Tsarin makari ya ma fi nisanta daga wannan haɗari, tunda ya ɗora babbar asara a kan saɓa alkawari da tonuwar asiri, abubuwan da ke samun mai lafiya da marar lafiya daidai.

Suka ta uku ita ce wadda za a fara ji a Jigawa kafin kowace, wato ta addini. Sihiri yana cikin manyan zunubai, kuma malamai da yawa suna da magana a kan wasa da 'ya'yan lido. Hukunci nasu ne, wannan takarda ba ta shiga gonarsu ba. Abin da manazarcin adabi zai iya faɗa shi ne aljannu da bokaye sun daɗe a rubutaccen labarin Hausa, tun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kuma ana karanta su a makarantu. A Amurka ma an yi irin wannan ce-ce-ku-ce a shekarun 1980, har kamfanin TSR, mai buga Dungeons & Dragons a lokacin, ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Game da jifa kuwa, tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu ɗan lido a cikinsa sam, don haka ba dole ba ne. Zan ƙara da cewa, a cikin duk hanyoyin da za a iya nuna sihiri a labari, wadda ta nuna shi a matsayin abu mai karyewa, mai ɗaure mai shi da sharuɗɗa, mai tonuwa a hannun na kusa, ita ce mafi nisa daga ƙawata shi.

Saura batun warkewa, wanda a ganina nan ne aka fi sakaci. Maki 1 a kwana doka ce da ba ta haifar da komai sai ƙirga kwanaki, hutun dare guda da ke goge komai kuma ya mayar da raunin abin banza. An taɓa gwada gina duniyar wasa a kan al'adun Afirka, kamar Nyambe da Atlas Games ya buga a 2002, amma a kan ƙashin dokokin bugu na uku aka ɗora shi. Marubutan littattafan yaƙi da matasanmu ke karantawa, da ɗaliban Hausa a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, suna iya farawa daga wani wuri dabam, domin sun san cewa a labarinmu wanda maganinsa ya karye komawa yake wurin wanda ya ba shi. Sai ya yi tafiya, ya amsa laifinsa, a ɗora masa sabon sharaɗi mai nauyi fiye da na farko, ko a aike shi neman wani abu mai wuyar samu. A teburin wasa wannan na nufin ƙaramar tawaya ta warke da hutu yadda aka saba, amma matakin da makari ya rufe ba zai buɗe ba sai ayari duka ya raka ɗan'uwansu wannan tafiya, kuma jagora ya rubuta sabon sharaɗin a takardar jarumin, inda abokin gaba na gaba zai iya nemansa.